Shinkafa a Kan Injin Haƙar Kirifto

Shekarar da na ƙi bin Baba mahauta, na kafa kwamfuta a ɗakina, a gidanmu na Roumdé Adjia, na ce ni kuɗin kirifto zan haƙa. Katin grafik ɗin da ke yin aikin haƙar na hannu ne, wurin wani ɗan kasuwar Mayo-Oulo na saye shi.

Da safe injin kan yi gudu lafiya lau. Amma kullum in na dawo daga sallar azahar sai in tarar manhajar ta tsaya cak. Mako uku na yi ina fama. Na goge manhajar na sake ɗorawa, na rage wa katin gudu, na karanta bayanan Faransanci har idanuna suka yi ja. Abokaina kuwa sun sha lacca a bakina kan yadda zafin Garwa ke kashe na'ura.

Ran nan na manta hulata, na juyo daga hanyar masallaci. Sai ga Inna ta ɗora kwanon shinkafata a kan ramukan da iskar injin ke fita, ta lulluɓe su duka da tawul.

"Inna, me kike yi haka?"

"Abincinka nake ajiye maka kada ya huce. In na ji an sallame sai in ɗauke. Ai abin nan naka ya fi kula riƙe zafi."

Washegari na sayo mata sabuwar kula. Abokaina kuma na ce musu a cikin manhajar na gano matsalar, suka yi ta jinjina mini.