Yarinyar Da Ta Ƙi Daina Tsallake Taya

Wata rana makarantar naziri da ɗana Mu'azzam yake zuwa ta gayyaci iyaye mata, wai mu zo mu ga wasan motsa jikin da ake koya wa yaranmu.

Ni dai dariya na je yi, ba zan ɓoye muku ba. Mu'azzam yaro ne da ko daga tabarma ba ya tashi sai an yi masa alkawarin biskit.

Malamarsu, Anti Asabe, sabuwa ce a ajin, kuma ta yi ƙoƙari. Ta jera tsofaffin tayoyi a tsakar makaranta, yaro ya tsallake su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya bi ƙarƙashin benci da rarrafe, ya taka katakon da aka ɗora a kan bulo. Na ƙarshe igiya ce a ɗaure, ya sunkuya ya wuce kada kansa ya taɓa ta.

Mu kuma aka jera mu a bayan igiyar.

Don ta zaburar da su, sai ta ɗaga murya: "Duk wanda ya yi daidai, zai tarar da mamansa tana jiransa a ƙarshe!"

Aka fara. Nawa gwanin ya maƙale a ƙarƙashin benci, sai da aka jawo shi ta ƙafa. Na yi dariya har da hawaye, na rungume abina.

Sai aka zo kan wata 'yar siririya mai suna Sajida. Kitsonta ya tsufa, safarta kowace ƙafa da kalarta.

Wallahi duk ajin babu wanda ya kai ta. Ta tsallake tayoyin nan tsaf, ta bi ta ƙarƙashin benci, ta wuce katako ko tangaɗi babu.

Ta fito ta ƙarƙashin igiya tana murmushi, tana duba fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya.

Babu wadda ta buɗe mata hannu.

Ba ta yi kuka ba. Juyawa ta yi ta koma farkon layi, ta sake.

Ta sake fitowa, ta sake dubawa, ta sake komawa.

Har sauran yara suka zauna shan ruwa, ita tana ta yi. Ta kurje gwiwa a jikin bulo, jini yana bin safarta, ko kallon wurin ba ta yi ba.

Anti Asabe ta riƙo hannunta.

"Sajida, ai kin gama tun ɗazu. Zo ki huta."

"Anti, ban yi daidai ba ne. Da na yi daidai, da Ummina ta zo."

Matar da ke kusa da ni, maƙwabciyarsu ce ashe, ta toshe baki da mayafi. Ta raɗa mini cewa uwar yarinyar ta rasu wajen haihuwa da daminar nan. Da Sajida ta dame su da tambaya, sai manyan gidan suka yi abin da muka saba yi. Suka ce mata Ummi ta tafi unguwa, in ta zama yarinyar kirki za ta dawo.

Tun daga ranar ba ta ƙin wanka, ba ta barin abinci a kwano. Jira take yi.

Na ji kunyar dariyar da na yi ɗazu.

Ashe babanta ya zo. Yana can bakin ƙofa a tsaye, kunya ta hana shi shiga cikin mata. Da ya ji abin da ta faɗa, ya ratso tsakiyarmu bai ko yi sallama ba, ya durƙusa a bayan igiyar nan da farar shaddarsa, ya buɗe hannu.

Ta zo ta faɗa jikinsa. Amma idonta yana bayan kafaɗarsa, tana leƙen ƙofa.

"Abba, wanne na ɓata? Taya ko igiya?"

Bawan Allahn nan ya ƙara rungume ta, ya ce:

"Ko ɗaya ba ki ɓata ba, uwata. Mu ne muka ɓata."

Ya ɗauke ta, ya zauna a kan taya ɗaya can gefe, ya fara gaya mata abin da ya kamata a gaya mata tun da damina.

Ban ji kalmomin ba. Kukanta na ji, kuma har yau yana kunnena.

Anti Asabe ta kwance igiyar tana share hawaye. Babu wadda ta tsaya cin cincin ɗin da aka shirya mana.

Darasi: Ƙaryar da muke yi wa yaro don mu rarrashe shi, shi da gaske yake ɗaukar ta, ya ɗora wa kansa laifin da bai yi ba. Ku gaya masa gaskiya daidai hankalinsa, ku riƙe shi ya yi kukansa. Malamai kuma, kafin ku ce "mamanka" a gaban aji, ku san wanda yake da ita.

Allah Ya jiƙan mahaifiyar Sajida, Ya raya abin da ta bari.

Ku tura wannan ga duk gidan da kuka san akwai yaron da har yanzu yake leƙen ƙofa.