Babi na Goma Sha Biyu: Ta'aziyyar Hajiya Nana A'isha Maiturare

Mu duka na Allah ne, kuma komai daɗewarmu wurinSa za mu tattara mu koma. Ranar Laraba, tara ga Fabrairun 2022, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Hajiya Nana A'isha Maiturare a gidanta da ke Umdurman, tana da shekara saba'in da huɗu. Ɗanta Hazim ne ya kira ni ina gida a unguwar Soba ta Hartum, hannuna cikin ruwan wanke-wanke. Halti yake kirana, wato inna da Larabci. Ya ce, "Halti Zakiyya, Hajja ta rasu." Abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Ai gobe Alhamis muke da alƙawari da ita." Har yanzu ina jin kunyar wannan magana.

Yaya Nana, a zaman makoki an faɗi alherinki da yawa, kuma ba wanda ya yi ƙari. An faɗi amaren da kika haɗa wa turare kyauta, an faɗi baƙin da suka kwana a zaurenki. Amma akwai abin da ba wanda ya faɗa, domin ba wanda ya rage da ya san shi sai ni. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni da ban taɓa rubuta abin da ya wuce wasiƙa ba.

Kakanninmu da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa za su aikin Hajji, suka yada zango a nan Sudan, zangon ya zama gida. Mahaifinki Malam Abubakar Sadiq ya koya miki ajami, wato rubuta Hausa da baƙaƙen Larabci, a lokacin da maƙwabta ke ganin ɓata tawada yake yi a kan 'ya mace. Ni ban samu wannan gata ba. Boko na koya a Kano, inda aure ya ajiye ni shekara goma sha tara, kuma tun ranar da na dawo ba ki sake kirana da sunana ba, sai Bakanuwa.

Shekara arba'in kina hawa mota a tashar Suk al-Shabi da kwalaben humra da turaren wuta. Madani, Sinnar, Mai Wurno, Gadarif, Kassala, ba inda ba ki taka ba. Kowace tafiya kuma kin rubuta ta a littafin 'yan makaranta: garin da ruwansa ke da gishiri, direban da ke waƙa in barci ya fara ɗaukarsa, tsohuwar da ta ƙi sayen turarenki amma ta riƙe ki kwana uku tana ba ki labarin Sakkwato da ba ta taɓa gani ba. Duk Alhamis mukan taru a ɗakinki mu huɗu, ni da ke da ƙawayenmu Uwa da Layla, ki dafa gahawa da citta, ki karanta mana. Uwa ta rasu, Layla ta bi ta bayan shekara biyu. Muka rage daga ke sai ni, amma ba ki taɓa rage yawan kofunan da kike jerawa a faranti ba.

Yawo ya buɗe miki ido, har mutane suka gane cewa in abu ya ɓata ko mutum ya ɓata, wurinki ake zuwa. Ba zan manta da dattijon nan na Haɗeja ba, wanda ya zo neman jikokin baffansa. Abin da ya sani kawai, sunan baffan Mainasara, mahauci ne, kuma ya tafi Makka da ƙafa bai dawo ba. Malamai sun duba, masu unguwa sun tambaya, shiru. Ke kuwa tambaya ɗaya kika yi masa: me gidansu ke sa wa a yaji wanda sauran mahauta ba sa sawa? Ya yi dariya, ya ce busasshen ɓawon lemun tsami. Kwana goma sha tara kina bin masu agashe, wato tsiren nan namu na Sudan, daga Hartum har Umdurman, kina sayen tsinke ɗaya-ɗaya kina ɗanɗanawa, ga shi likita ya hana ki yaji. A rana ta goma sha tara kika tsaya gaban wani saurayi mai suna Sharafaddeen, kika lasa, kika ce, "Sunan kakanka Mainasara." Saura kaɗan ya yar da wuƙarsa. Dattijon ya koma gida da hoton 'yan uwansa goma sha ɗaya, ke kuma kika kwanta mako guda da ciwon ciki, kina ta yi wa kanki kirari.

Da gwiwoyi suka hana ki tafiya, shekara huɗu da suka wuce, na ɗauka za ki ajiye alƙalami. Sai kika ce mini littafi za ki rubuta, na ƙirƙira, labarin wata mai suna Bakhita da ke yawon garuruwa tana rubuta abin da ta gani. Bakhita ta sauka a wani gidan baƙi a Gadarif ana jajibirin biki, sai aka wayi gari kwalbar humrar da kakar amarya ta haɗa ta ajiye shekara talatin ta ɓace daga cikin akwati a kulle. Na tambaye ki wa za a kashe. Kika ce, "Na gaji da jin mutuwa a rediyo. A littafina ko kaza ba za a yanka ba sai ta biki." Mutum huɗu ake zargi: mai gidan baƙin, da uwar ango, da mai ƙunshi, da direban da ya kawo kayan. Duk babin da kika karanta mini sai na canza ɓarawo, ke kuma ki yi ta dariya har ki share hawaye da gefen mayafi, ki ce Kano ba ta ƙara mini wayo ba.

Kin sa na yi miki alƙawari biyu. Na farko, kada 'ya'yanki su ji. Kika ce, "Su ce Hajja ta tsufa ta koma ƙirƙirar ƙarya?" Hazim da ƙanwarsa Hanan suna jin Hausa, suna mayarwa rabi da Larabci, amma ba sa karanta ajami. Tun suna yara suke ganinki kina rubutu, kowane shafi da bisimilla a samansa kamar yadda Malam ya koya miki, suka ɗauka addu'o'in kakansu kike kwafewa. Kika bar su a haka. Alƙawari na biyu, ke za ki riƙa karantawa ni ina juyawa zuwa boko, don a kai Kano a buga. Na cika na farko har ya yi yawa. Na biyun kuwa, duk Alhamis sai ki ce, "Bakanuwa, ina alƙalamin?" ni kuma in ce bari ki gama mu yi aiki ɗaya. Gaskiyar magana ita ce daɗin sauraro nake ji, kuma bayan mota uku daga Soba ba abin da nake so sai in miƙe ƙafa in sha gahawa.

Ranar Litinin kika kira ni kika ce kin gama babi na goma sha biyu, na ƙarshe, ɓarawo ya fito. Na roƙe ki ki faɗa mini. Kika ce, "Wa ya taɓa tona ɓarawo a waya? Ki zo Alhamis." Muryarki garau, ba alamar komai.

Kwana uku na yi a kan tabarmar makoki ina kallon ƙofar ɗakinki. Na san littattafan suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, na tafiye-tafiye da na Bakhita gaba ɗaya. Sau biyu na miƙe zan yi wa Hazim magana, sau biyu na koma na zauna. Tsohuwa ta tambayi akwatin mamaciya tun ba a naɗe tabarmi ba? Kowa zai ce gwal nake hange. Na ce a raina takarda ba ta da ƙafa, in an watse na zo.

A rana ta huɗu na dawo da safe. Na sami Hazim a tsakar gida, na ce akwai wasu littattafai na mahaifiyarsa da nake son gani. Fuskarsa ta washe, karon farko tun rasuwar.

Ya ce, "Takardun Hajja? Halas, shi ke nan, Halti, na gama da su jiya bayan la'asar da kuka watse, alhamdu lillahi. Kowace waraga da bisimilla, sauran na duba ban gane ba, na ce addu'o'in Jiddi kakanmu ne. Na ji tsoro yara su taka, ko wani ya kai shara."

Alwala ya yi kafin ya taɓa su. Ya naɗe su a farin ƙyalle, ya ɗaura dutse, ya sami mai kwale-kwale ya kai shi tsakiyar Nilu inda ruwa ke gudu, ya sake su da hannunsa. Haka aka tarbiyyantar da mu duka, takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba ta zuwa juji, sai wuta ko ruwa mai gudu. Ke da kanki kika koya masa wannan.

Ya dube ni ya ce, "Na yi daidai ko, Halti?"

Yaya Nana, me kike so in ce wa maraya? Na ce, "Ka yi daidai, ɗana. Allah Ya yi maka albarka." Na fita na hau raksha, babur mai ƙafa uku, ban san inda na ce a kai ni ba, sai ganina na yi a bakin kogi. Na daɗe a tsaye. Ruwan yana tafiyarsa kamar kullum, masu wankin mota suna aikinsu.

Yanzu Alhamis takan zo ta same ni a Soba. Jikokina suna da kirki, amma in na yi musu barkwanci da Hausa sai su yi murmushin ladabi su koma ga wayoyinsu. Na sayi littafin 'yan makaranta, na fara rubuta babi goma sha ɗayan nan daga abin da kunnena ya riƙe. Shekarata saba'in da ɗaya. Sunan direban ya riga ya ɓace mini, kuma akwai wata magana da uwar ango ta yi a babi na shida wadda ta sa muka yi dariya har gahawa ta zube, na yi kwana biyu ina nemanta ban samu ba. Abin da na tuna zan rubuta, inda kika tsaya da ni nan zan tsaya. Ba zan ɗora wa kowa sata ba alhali ban ji daga bakinki ba. Ina kewarki, Yaya, kewar da ban san inda zan ajiye ta ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hazim da Hanan, da jikoki, da dukkan zuriyar Malam Abubakar Sadiq, da matan Umdurman da suka yi shekaru suna ƙamshi da hannunki. Na san 'ya'yanki ba za su iya karanta wannan ba, domin Hausar boko ma ba su koya ba. Duk wanda wata rana ya fassara wa Hazim, don Allah ya fara da gaya masa cewa ba shi da laifi ko kaɗan. Ya yi abin da uwarsa ta koya masa. Laifin na wadda ta yi shekara huɗu tana zuwa ba alƙalami ne, ta kuma yi kwana uku tana kallon ƙofa ba ta buɗe baki ba.

Allah Ya jiƙan Nana A'isha, Ya gafarta mata, Ya yalwata kabarinta, Ya haskaka shi. Yadda ta haɗa waɗanda suka rabu, Allah Ya haɗa ta da iyayenta a Aljanna Firdausi. Ya ba iyalinta haƙurin wannan rashi. Ni kuma, ya Ubangiji, Ka bar mini hankalina har in kai ƙarshen babi na goma sha ɗaya, sannan in tawa ta zo Ka sa in cika da imani. Amin.