Gonar Baba a Jikin Fasta

Ranar wata Laraba ce cikin watan Agusta, shekarar da na gama aji biyar na firamare, na fara ganin kyamara ido da ido. Ina tsaye a kan suri a gefen gonarmu ina korar tsuntsaye, da gwangwanaye biyu a hannuna ina kaɗawa, sai na hango wani abu yana ƙyalli a kan hanyar da ta taso daga Zakirai. Farar mota ce. Ta zo ta tsaya a gindin gawon da ke bakin gonar, wani dogon saurayi ya fito da baƙin abu rataye a wuyansa, ya tsaya yana kallon geronmu kamar wanda ya ga teku. A lokacin na riga na karance littattafan soyayyar da Yaya Balaraba take haya a kasuwa tana ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, kuma a cikinsu haka labari yake farawa: farar mota, baƙo mai ƙamshin turare, da yarinyar ƙauye da ba ta san za a zo ba. Saboda haka da ya ce, "'Yan mata, gonar wa ce wannan?" sai na gyara ɗaurin ɗankwalina kafin na ce ta Babana ce. Ya sa na shiga tsakiyar geron, ya ce in riƙo zangarniya ɗaya in yi murmushi. Na yi masa murmushin da na daɗe ina gwadawa a madubin Inna. Ya danna abin nan sau uku, ya shiga mota ya tafi, ko sunana bai tambaya ba.

Gaskiya gonar ta isa a tsaya a kalle ta. A wajenmu gona jikin gona take, iyakarka da ta maƙwabcinka ba ta wuce layin gamba ba, kuma babu wanda yake da filin da zai bari ya huta ko da shekara guda. Wanda duk ya ga geronsa ya yi kyau, to da rani ya yi aikinsa. Babana, Malam Haruna, yana da wani baƙin jaki da muke kira Duna. Daga an gama girbi har zuwa saukar ruwan fari, kullum bayan sallar asuba zai ɗora masa itace ko kara ya nufi Zakirai, ya dawo da hantsi da mangala cike da takin juji: toka, kashin awaki, sharar gidaje da ta ruɓe ta yi baƙi. Ya haɗa da na turken tumakinmu, ya bi gonar yana zubawa tsibi-tsibi. Aikina ni da ƙannena shi ne tsince leda da fasassun kwalabe daga cikin tsibin, aikin da na tsana fiye da surfe, domin warinsa yakan bi ni har dandalin gaɗa. Idan na ɓata rai sai Baba ya ce, "Ƙasa ciki gare ta, Sadiya. Wanda ya ciyar da ita, shi take ciyarwa."

Baba ne kuma shugaban ƙungiyar manoman ƙauyenmu, ba don ya fi kowa gona ba, sai don ba a taɓa kama shi da magana biyu ba. A farkon daminar nan mutanen wani ɗan takarar majalisa suka zo suka ce za a kawo takin zamani, suka sa shi ya bi gida-gida ya rubuta sunayen magidanta. Ya rubuta, ya kai. Aka yi shuka, aka yi noman fari, aka yi maimai, ko buhu ɗaya ba a gani ba. Mutane suka yi gunaguni suka haƙura, domin ba ranar aka fara yi musu alkawari ba.

Bayan zuwan farar motar da kamar mako uku, na ɗauki tallan ƙuli-ƙulin Inna na tafi kasuwa, sai na tarar da kaina a jikin bango. Fasta ce babba mai sheƙi. A sama ga ɗan takarar yana murmushi, a ƙasa ga geronmu kore shar ya fi tsawon mutum, ga ni a tsakiya da zangarniya a hannu. An rubuta da manyan baƙaƙe cewa takin da ya yi alkawari ya iso hannun manoma, ga kuma shaida. An liƙa ta a rumfar mahauta, a jikin dalbejiyar tasha, a katangar makarantarmu, har da bayan wata motar itace. Ban karanta rubutun da hankali ba, fuskata kawai nake kallo. Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa, ina ganin na zama irin 'yan matan da ake sakawa a bangon littafi. Ƙawayena suka riƙa kirana 'yar fasta, ni kuwa ina jin daɗi.

Manya kuwa rubutun suka karanta. Duk wanda ya taɓa bi ta hanyar Zakirai ya san gawon nan, ya san gonar Malam Haruna ce. Magana ta fara zagayawa a gindin bishiya da bakin rijiya: ashe takin ya zo, ashe shugaba ne ya karɓa ya zuba a gonarsa shi kaɗai. Rediyo ma ta ɗauka, kullum da yamma sai an sako wata waƙa mai daɗin amshi da ke cewa gero ya yi a ƙasarmu albarkacin mai girma, har yara suka haddace ta suna rerawa a ƙofar gidanmu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutanen da suka shekara suna ganin Baba da jakinsa a hanya kowace safiya, su ne suka fi yarda da takarda. Kawu Tanimu, maƙwabcin gonarmu kuma abokin Baba tun suna yara, ya ce a masallaci, "Hoto ai ba ya ƙarya."

Da geron ya isa girbi Baba ya kira gayya kamar yadda ya saba. Inna ta tashi tun da sassafe ta dafa dambu tukunya biyu, ta dama fura a manyan ƙore, mai ganga ya zo ya zauna a gindin gawo. A da, gayyar Baba takan tara majiya ƙarfin ƙauyen gaba ɗaya. Ran nan mutum huɗu suka zo, biyu ma surukansa ne. Mai ganga ya buga ya buga, ya gaji ya rataya abarsa ya tafi. Na dawo da dambun gida a kaina kusan yadda na kai shi, kuma a hanya ne na fahimci abin da murmushina ya jawo. Na sami Baba a zaure yana gyaran igiyar mangala, na durƙusa ina kuka na gaya masa ni ce na ce wa mai kyamara gonarmu ce, ni ce na tsaya aka ɗauka. Ya ƙulle igiyar ya ajiye ta gefe. Sannan ya ce, "An tambaye ki gonar wa ce, kin faɗi gaskiya. Ƙaryar ba a bakinki aka yi ta ba. Tashi ki ba Duna ruwa."

Ba a yi kwana goma ba sai ga mai kyamarar ya dawo, wannan karon da wasu manya biyu masu manyan riguna. Suka ce ranar kasuwa mai zuwa ɗan takara zai yi taro, suna son manomin da ke da gonar fasta ya hau mota ya yi wa jama'a bayani da bakinsa, kuma akwai buhunan taki da sabon keke da aka ware masa. Baba ya ce zai zo, amma a bar kayan tukuna. Inna da ke sauraro daga bayan zana ta kasa haƙuri, suna fita ta ce, "Malam, wanda ya ci ladan kuturu fa sai ya yi masa aski." Ya ce, "Ai shi ya sa ban ci ba."

Ranar taron ina cikin kasuwa da farantin tallana. An kafa lasifika huɗu a kan wata buɗaɗɗiyar mota, maroƙa suna ta kirari, an raba wa samari riguna masu hoton ɗan takara, fuskata kuwa tana ko'ina, har na ja mayafi na rufe fuskar tawa ta gaske. Mutanen ƙauyenmu sun tsaya gefe guda sun harɗe hannu, Kawu Tanimu a gaba, sun zo su ji da kunnensu. Da aka kira sunan Baba sai aka ga jama'a suna darewa. Ya taho da tsohuwar taguwarsa ta gona, yana janye da Duna, mangala cike a bayansa. Ya ƙi hawa motar, ya ce a miƙo masa abin maganar nan ƙasa. Ya yi sallama, ya gaida manya da ladabi, sannan ya kwance mangalar ya juye ta a gaban motar. Baƙin taki ya zube, wari ya tashi, masu manyan riguna suka ja da baya suna toshe hanci.

"Jama'a, an ce in faɗi wanda ya kawo mini taki," in ji Baba, muryarsa tana fita ta lasifika har bayan kasuwa. "To ga shi nan tsaye, ƙafarsa huɗu. Shi ya yi ta jigila tun daga kaka har bazara, bai taɓa yi mini alkawari ba, bai kuma taɓa saɓawa ba. Sunayen da kuka ce in rubuta na rubuta, masu su ga su can, har yau suna jira. Idan hoto za ku liƙa, ku liƙa nasa."

Wani mahauci ya fashe da dariya, sai gaba ɗaya wuri ya ɗauka. Aka yi maza aka karɓe abin maganar, aka saki waƙar nan da ƙarfi, amma babu mai jin ta. Na ga Kawu Tanimu ya tako ya tsuguna, ya ɗebi takin a tafin hannunsa ya murza, kamar bai taɓa ganin irinsa ba. Ya miƙe ya karɓi igiyar jakin daga hannun Baba ya ce, "Haruna, kawo in ja maka, ka yi magana da yawa yau." Iyakar ban-haƙurin da ya yi ke nan, Baba kuma bai nemi ƙari ba. Ni kuwa na bi bayansu har gida da farantina a ka, ko rabi ban sayar ba, ina ji kamar in tsayar da duk wanda muka gamu da shi in ce masa wancan mai taguwar Babana ne. A duk littattafan Yaya Balaraba ban taɓa karanta jarumin da ya kai shi ba. Da lokacin girbin dawa ya yi, sai da Inna ta aika maƙwabta aron tukwane saboda yawan 'yan gayya.

Yanzu ina koyarwa a wata makaranta kusa da Rijiyar Zaki, kuma fasta ta bar bango ta koma cikin waya. A da sai mota ta zo har gonarka kafin a yi ƙarya da kai, yau kuwa daga ɗaki ake haɗa gonar da manomin da muryarsa, kafin azahar an tura wa duniya, kuma babu kasuwar da mutum zai ja jakinsa ya je ya wanke kansa. Ina kewar zamanin da ƙarya take da ranar taro, ana iya zuwa a same ta.

Bayan shekara biyu da wannan taro takin zamani ya fara zuwa ƙauyenmu da gaske, kuma 'yan kowace jam'iyya suka ce ba su yarda kowa ya raba ba sai Malam Haruna. Ya yi ta rabon har ƙarfinsa ya ƙare, nasa kason kuwa zawarawa da marayu yake bai wa. Ya rasu bara, ana saura kwanaki kaɗan ruwa ya sauka. Mutanen da ba sa gaisawa saboda siyasa suka haɗa kafaɗa a ƙarƙashin makararsa, kuma da damina ta zauna, ba tare da kowa ya kira gayya ba, suka fito suka nome wa Inna gonar. Bai bar mana dukiya ba, amma har yau da sunansa ake gaishe mu.