Ragon Muhandis Da Na Yanka Da Wuri

Malam Edita, lokacin da wannan abu ya same ni, ni tsohon direban tasi ne da ya ajiye aiki, mazaunin unguwar Shisha, mai ilimin aji huɗu na firamare, shi ma malamai ne suka ga ya ishe ni haka. Sana'ata bayan la'asar ita ce zuwa unguwar Jarwal, majalisar tsofaffin da muka taso tare, mu sha shayi, mu gyara duniya. Sai autana ya samu jami'a. Aka sa shi a shekarar share fage, inda yaro bai zaɓi komai ba tukuna, sai makinsa ya fito sannan ya nemi tahwil, wato a mai da shi sashen da yake so. Ya yi mini bayanin nan tsaf, ya lissafo ƙofofin da ke gabansa. Da ya ambaci handasa, karatun injiniya, na daina sauraro.

A makon nan na yanka rago. Uwarsa ta ce in jira, na ce mata mata ba su san jami'a ba, kamar ni na sani. Aka ci shinkafa da tuwo, aka yi addu'a, kafin a watse aminina, wani tsohon tela mai baki kamar almakashinsa, ya raɗa mini Abul Muhandis, wato uban injiniya. Sunan ya zauna mini kamar an gwada. Yaron yana zuba wa baƙi ruwan wanke hannu, kansa a sunkuye, ni kuwa na ɗauka kunya ce irin ta manyan injiniyoyi.

Maki ya fito, bai kai ba. Lissafi ya kayar da shi, sai ya sake kafin ya ƙara neman tahwil. Na so in faɗa a majalisa, amma mutanen da suka ci ragonka ba ka iya ce musu su mayar. Ana cikin haka tela ya kawo fankarsa da ta mutu, ya ce a kai wa ɗanmu muhandis ya huta da takarda ya taɓa ƙarfe. Na karɓa da fara'a, na wuce da ita can unguwar Ka'akiyya inda ba a san fuskata ba, wani mai gyara ya tashe ta, na dawo na ce yaron ya ce ƙaramin abu ne. Kuskurena ke nan na biyu, kuma ya fi ragon. Dutsen guga ya biyo baya, sai injin markaɗe, sai rediyon wani da tun zamanin kakansa bai yi magana ba. Bayan motata ya koma asibitin ƙarfe. In na ƙi zuwa majalisa, su biyo ni gida da kaya. In na je, tela ya tambaye ni ko muhandis zai fara da gada ne ko da rami cikin dutse.

Asiri ya tonu ranar Juma'a, da liman ɗin unguwa ya riƙe hannun yaron a ƙofar masallaci yana sa masa albarka kan gyaran injin wankinsa. Yaron bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya dai daina cin abinci a faranti ɗaya da ni. Uwarsa ce ta gaya mini cewa shi koyarwa yake so, tarihi, tun yana sakandare, har makinsa ya ishe shi shiga. Na kira shi na ce ya bi ransa, ni zan ji da tsofaffi. Ya ce Baba, ai an riga an ci ragon, duk unguwa ta san inda za shi, shi kaɗai ne ba a tambaya ba.

Ya maimaita lissafin a zafin bazara, ya sake nema, aka ɗauke shi a sashen handasa. Ranar na yi niyyar murna, uwarsa ta ce in na ƙara yanka ko kaza ce sai ta koma gidan yayanta. Yanzu yana can yana fama, yana cin jarrabawa da ƙyar, ya rame, dariyarsa ta yi wuya. Duk wanda ya ce masa muhandis, ni yake kallo.

Iyaye 'yan uwana, musamman masu aji huɗu irina, shekarar nan da yaro bai zaɓi komai ba tasa ce, don ya yi tunani aka ba shi. Ku tambaye shi, ku saurara har ƙarshen jimla, rago ba ya gudu. Ni na samu sunan da nake so, kuma har yau in an kira ni da shi a Jarwal ina amsawa, don ba yadda zan yi. Jiya ma tela ya kawo wata fankar.