Yayata Ta Ce Ba Komai

Maƙwabciyarmu a nan Kado ta haihu, kullum da safe uwarta na tafasa mata ruwan wanka da ganyen darbejiya a bayan gida. Ƙanshin nan mai ɗaci-ɗaci in ya shigo ta taga, zama ba ya yi mini. Sai in tashi in share inda na riga na share, in ɗauki waya in ajiye. 'Yata ta fari tana aure a Bwari, kuma ta shiga watan haihuwarta.

A Jiwa na tashi, tun birni bai iso mu ba, gonakin doya ne ko'ina. Kakarmu ta wajen uba ce ke riƙe da gidan, kuma awo ɗaya take yi wa mace: yadda ta haihu. Wadda ta durƙusa a ɗaki ita kaɗai, ba a ji komai ba sai kukan jariri, ita ce mace. Wadda ta yi raki kuwa, har waƙa ake yi mata a rafi, 'ya'yanta su girma su tarar da waƙar. Kaka takan ce a hanyar rafi ta haifi babanmu, ta dawo da tulu a ka da jariri a zane. Kowace shekara hanyar na ƙara nisa, tulun na ƙara girma, mu dai sai mu ƙunshe dariya. Amma mun yarda da ita. Ni kaina nakan ciji hannuna a ɓoye, in ga iya inda zan daure.

Da damina, masara ta fara nuna, aka kawo yayata gida goyon ciki. Ita ce 'yar farin Innarmu, ga shi cikinta na fari, sai kunya ta haɗu biyu. Yaya ba ta yarda a yi zancen cikin a gabanta, Inna kuma ko sunanta ba ta faɗa, balle ta tambaye ta jiki. Kaka ce ke dafa mata maganin zaƙi, ta hana ta rake da zuma, wai zaƙi ke tare hanya.

Wata safiya na tarar da Yaya tana daka. Ta ɗaga taɓarya sai ta tsaya, ta jingina goshi a jikinta, gumi na ɗiga cikin turmi. Na tambaye ta, ta ce, "Ba komai." Na ruga na gaya wa Inna. Inna na sheƙe hatsi, ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "Je ki gaya wa Kakarki." Na ga hatsi na zuba ƙasa daga faifan, abin da ba ta taɓa bari ba. Kaka ta je ta tambaya, Yaya ta ba ta amsar da ta ba ni. Kaka ta dawo tana murmushi ta ce, "Jinina ce."

Haka yinin ya wuce, aka kwana, aka tashi. Yaya ta shige ɗaki, ba nishi, ba motsi. Matan gida na leƙawa suna fitowa suna jinjina kai don sha'awa. Inna ta wanke tukwanen da ba su da datti, ta zagaya ƙofar ɗakin nan ya fi a ƙirga, ba ta shiga ba.

Akwai wata Bagwariya daga ƙauyen da ke bayanmu, mai kawo mana itace a kafaɗa. Ita ba ruwanta da kunyar gidanmu. Ta ajiye itacenta, ta leƙa ɗakin don gaisuwa, ta fito da sauri ta dubi Kaka, ta ce da Hausarta ta Gwari:

"Mama, wannan yarinya zai mutu kuna kallo? Mu ma muna daurewa, amma wannan ya wuce daurewa. Idonsa ya juye fa."

Kaka ta buɗe baki za ta yi magana, sai Inna ta riga ta. A gaban surukarta, a gaban kowa, ta kira sunan 'yarta da ƙarfi. Ran nan na fara jin sunan a bakinta. Bagwariyar ta ruga ta taho da ƙanin mijinta mai motar ɗaukar doya, aka shimfiɗa tabarma a baya.

A asibiti aka yi mata aiki. Namiji ne, bai zo da rai ba. Suka ce mahaifar ta fashe, dole suka cire. Yaya ta rayu, Allah ne ya yi da sauran kwana.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne zaman jaje. Mata suka cika tsakar gida, kowacce ta zauna sai ta ce, "Amma yarinyar nan jaruma ce, ko uhum ba ta ce ba." Yaya na kwance tana ji. Da ɗinki ya warke, Kaka ta ce jego jego ne, aka riƙa tafasa mata darbejiya safe da yamma, ba jaririn da za a karɓa a hannunta in za ta shiga wanka. Ban tsani Kaka ba, abin da aka ba ta ne ta ba mu. Amma ba ta sake ba da labarin hanyar rafi ba har ta rasu.

Ni da naƙudata ta zo, na yi ihu har ma'aikatan asibiti suka yi mini faɗa. Da na yaye 'yar, na kai wa Yaya riƙo, ita ta raine ta. Yarinya ta ɗauko halinta kaf, ko ƙaya ta taka ba za ka ji ba. Yanzu ga awo, ga hoton ciki, ga waya a hannun kowa, ba mai yi wa kowa waƙa a rafi. Sai dai duk wannan ba ya jin abin da mace ta haɗiye.

Yau da hantsi na kira ta. Tana gaishe ni sai muryar ta ɗauke, na ji numfashi, sannan ta dawo. Na ce lafiya? Ta ce, "Ba komai, Mama."

Yaya tana wajena tun rasuwar mijinta, gwiwa ta hana ta tafiya. Ta ɗago daga kan darduma ta ce, "Me ta ce?" Na gaya mata. Ban gama neman mayafina ba na tarar da ita a bakin ƙofa da takalmi a hannu.

Cunkoso ya riƙe mu a hanyar Bwari, direba na ta huci. Yaya ta karɓi wayata ta sake kira.

"'Yar nan, saurare ni. Gaya wa mijinki yanzu, ku wuce asibiti. In ciwon ya taso miki, ki buɗe baki ki yi ihu har na kan titi su ji. Ni na yi shiru, garinmu kaf ya yabe ni. Yabon na goya na dawo da shi gida."