Tukunyar Tokar Inna

Ranar wata Laraba da kaka, shekarar da na shiga aji uku, Maman Bose ta shigo gidanmu a Ƙarfi da kwandon sabulu a ka, ta dire shi gaban Inna. Bayarabiya ce mai rumfa a kasuwar Funtua, ita ke kwashe duk sabulun salon da Inna ke yi. Ta ɗauki curi ɗaya ta matsa, ya fito ta tsakanin yatsunta kamar tuwon da bai nuna ba. "Inna Rabi, wannan sabulu ne ko kunu? In na gaba ya zo haka, ni da ke sai gaisuwa." Babanmu ya rasu tun ina goye, sabulun nan ne cinmu da shanmu.

Sabulu ba ya kamawa sai ruwan toka ya yi kaifi, kaifin kuma daga tukunyar tace toka yake zuwa. Tsohuwar tukunya ce mai huji a gindi, a bayan rumbu. Kafin a zuba toka, sai an jera sillen kara a ciki, shimfiɗa bisa shimfiɗa, ta sama a gicciye kan ta ƙasa, har tokar ma tsakaninsu ake barbaɗa ta. In an yi haka, ruwa na yawo ko'ina, ya lashe tokar duka kafin ya ɗiga. In sillen ya kwanta gefe guda, sai ruwa ya sami hanya ɗaya ya zurare, ya fito salam.

Washegari na dawo daga tsinkar auduga, yara na kirana langa a ƙofar gida, Inna ta tsare ni, ta ja ni bayan rumbu. Na leƙa tukunyar, na ga jerinta duk a karkace, wani wurin ma rami ne. Sannan na lura da hannu take lalubawa, fuskarta na kallon katanga. Ba ta ce mini idonta ya tafi ba, har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗa ba. Cewa ta yi, "Hannunka ƙarami ne, ya fi nawa shiga." Na jera, tana bin bayana da tafin hannu, inda ta ji giɓi ta mangare ni. Da ruwan ya fara ɗiga ta ɗanɗana da bakin harshe, ta yamutsa fuska, ta tofar. Shi ke nan yabon da na samu. Maman Bose ta ci gaba da zuwa, ni kuma langa ta wuce ni, makarantar ma daga baya ta bi ta.

Yanzu a kamfanin man angurya nake. Akwai wata doguwar hasumiyar ƙarfe da ake cire wa mai wari: mai na gangarowa daga sama, tururi na hawa daga ƙasa. Cikinta farantai ne na ƙarfe, sirara, masu kwari-kwari kamar kwanon rufi, a ɗaure dami-dami. In an tsai da inji don wanki, mu ke shiga mu fitar, mu mayar. Kowace shimfiɗa a gicciye kan ta ƙasa, gefe a toshe, don kada mai ya bi bango ya tsere wa tururi. Injiniyoyi suka lissafa zurfin kwarin da karkatarsa, ni ban san lissafin ba, jeri kawai na sani. A nan ba mai ɗanɗanawa, kwalba ake kai wa ɗakin gwaji.

Wankin bana na shiga da tocila, na kasa gane inda kwarin ya dosa sai da na shafa. Na daɗe tsugune a ciki. Daga nan na leƙo na kira Sunday, sabon ɗauka, na ce masa ya sauko, hannunsa ya fi nawa shiga.