Inna ta iso daga Jidda ina hanyar Biu

Ranar nan ta ba ni wahala, kuma har yau ban gama gane ta ba. A lokacin ina tuƙa babbar mota, ina lodi a unguwar Bolari. Ban yi boko mai nisa ba, amma hanya na san ta. Legas kwana nake a hanya kafin in kai, wani lokaci har biyu. Da wannan ma'aunin nake auna duniya gaba ɗaya.

Shekarar da Inna, mahaifiyata, ta je Makka, abu ɗaya ta roƙe ni: ranar dawowa ta fara ganin fuskata a filin jirgi, don ba ta son ta tsaya tana waige-waige kamar marar gata. Na ce mata ko da rarrafe ne zan zo. Ran nan bayan asuba ta kira da wayar wata abokiyar tafiyarta, ta ce ga su nan ana shigar da su jirgi a Jidda. Na tambayi wani abokin aikina nisan Jidda, ya ce in haɗa Legas kan Legas kan Legas, ban ma taɓa bakin tekun da ake tsallakawa zuwa can ba. Sai na yi lissafina na direba, na ce komai gudun jirgi ai sai gobe. Na ɗauki siminti na nufi Biu, tafiyar 'yan awanni daga garinmu.

Ban kai ba taya ta fashe. Ina ƙarƙashin mota wajen azahar matata ta kira, tana tambaya wai ni wane irin mutum ne, Inna tana gida. Na ce wace Innar? Ta ce Inna nawa gare ni? Ashe ta daɗe zaune kan jakarta a filin jirgi, kowa 'ya'yansa na rungume shi, har wani maƙwabcinmu na unguwar Gabukka da ya je ɗauko yayarsa ya cusa ta bayan mota cikin kaya. Na zauna a gefen titi ina kallon jak ɗin ɗaga mota. Tsohuwa ta tsallake teku da ƙasashe, ni Biu ta gagare ni.

Da na iso da yamma na durƙusa na fara bayanin taya. Ta ce sannu da hanya, ai ni ne na yi tafiya mai nisa. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Abin da zan gaya wa 'yan'uwana direbobi: sama ba kwalta ba ce. In an ce naka ya hau jirgi, ka ajiye makulli ka je ka jira, ko ba ka gane lissafin ba.

Washegari ban taɓa mota ba. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta ina miƙa wa masu barka dabino da zamzam. Duk wanda ya tambaye ni yaya aka yi a filin jirgi, sai in nuna masa gidan maƙwabci.